Ta'aziyyar da Na Bar wa Waya

Unguwar Mu'azu, Kaduna
Ranar Laraba

Zuwa ga 'yata Hauwa'u, mai sunan mahaifiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da sa albarka, ina fatan takardar nan ta same ki lafiya. Kodayake na san lafiyarki lau, tunda da safen nan ina alwala na jiyo ku ke da mamanki kuna musu a kan yawan yaji da kukar da za ki tafi da su Fatakwal. Ki bar ta ta cika miki jakar, Uwata, ita ma hanyarta ta kuka ke nan. Allah Ya kai ki lafiya, Ya tsare ki a hanya da bayan hanya, Ya sa aikin ofis ɗin nan da kika samu ya zame miki alheri.

Na san za ki yi dariya ki ce Baba ya fara tsufa, bango ɗaya ne tsakanin ɗakinsa da nawa amma ya zauna rubuta wasiƙa. Kin dai san bakina. In na fara magana sai muryata ta hau ba tare da na sani ba, ke kuma ki sunkuyar da kai kina “to Baba, to Baba,” alhali ba abin da ya shiga. Takarda ba ta ɗaga murya, kuma za ki iya sake karanta ta in kin huce.

Abin da ya zaunar da ni ɗaya ne. Motarki ranar Asabar za ta tashi. Shekaranjiya na ce ki je Kamazou ki yi wa Baba Bulus sallama, kika ce lokaci ya ƙure, ga ɗinki a wurin tela, ga kitso, kuma ai kin riga kin aika masa saƙo mai kyau ta waya. Na ga saƙon, shi da kansa ya nuna mini jiya a shago. Saƙo ne mai kyau ƙwarai, babu kuskure ko ɗaya a ciki. Duk da haka ina so ki je da ƙafarki kafin ki bar garin nan, kuma ina so ki je da son ranki. Don haka zan ba ki labarin kurakuraina, har da wanda ban taɓa gaya miki ba.

Kada ki ɗauka ni maƙiyin abin nan ne da kuke kira AI. Ke kika sa mini shi a waya, kika koya mini yadda zan danna in yi masa magana da baki tunda yatsuna sun yi kauri da riƙon guduma. Ni Magatakarda nake kiransa, kuma wallahi ya yi mini rana. Shekarata talatin a shagon kafintocinmu na Makera, fiye da rabinsu ina foman, amma sai a 'yan shekarun nan na iya aika wa mutum saƙo ba tare da na jawo wa kaina magana ba.

Bari in fara da tsohon ciwona, wato baki. Tun kina goye, wata shugabar makaranta a Tudun Wada ta ba mu aikin bencina. Bayan mun kai, sai ta aiko da 'yar takarda mai zafi, wai ƙafafun suna rawa, wai aikin ganin ido muka yi mata. Ina tsaye a bakin injin yanka katako na karanta, raina ya ɓaci, na juya bayan takardar tata na rubuta da fensirin awo: “Idan Hajiya ta fi mu sanin katako, ga zarto ga guduma.” Na ji daɗin kaina ranar, har na karanta wa ma'aikata muka yi dariya. Matar ba ta sake tako shagonmu ba, kuma duk wata makarantar da ta sani ba ta sake ba mu aiki ba. Alhaji mai shagon bai yi mini faɗa ba. Ya dai kira ni gefe ya ce, “Iliya, hannunka yana gina mana, bakinka yana rushewa.” Abin da ya fi ci mini rai, da na je daga baya na duba, bencina biyu da gaske suna rawa.

Na daɗe ina fama da halin nan. Yanzu kuwa in wani ya ɓata mini rai, Magatakarda nake fara zazzage wa. Kwanan baya wani mai otal ya turo saƙo yana cewa mu maƙaryata ne saboda kujerunsa sun yi jinkiri. Na koma bayan shago na faɗa wa waya duk abin da ke cikina, har da wanda ba zan iya maimaita miki ba. Da na gama sai na ce masa, “To, ka mayar mini da wannan saƙo layi huɗu, cikin ladabi. Ka cire zafin, ka bar gaskiyar. Jinkirin kwana biyu laifinmu ne, ka ba shi haƙuri a kansa. Sauran kuwa shi ya jawo da ya canza launin yadi bayan mun yanka, ka tuna masa ba tare da gori ba.” Ya rubuta, na karanta, na aika. Mutumin ya kira yana cewa, “Malam Iliyasu, ai ni ne da laifi.” Ni da na saba a ce mini mai baƙar magana, sai ga ni ana yaba mini haƙuri, har kunya ta kama ni.

To ke ma jinina ce, na san harshenki in an taɓo ki. A ofis za a ɓata miki rai, wani ma da gangan. Ki zuba fushin a waya, ita ba ta riƙo kuma ba ta kai gulma. Amma ki lura da abin da na ce masa: ya cire zafin, ya bar gaskiyar. Kada ki bari ya goge miki gaskiyarki don a ce kina da ladabi, kuma in laifinki ne ki ce ya rubuta laifinki ne, kai tsaye. Magana zarar bunu ce, ta waya ma ta fi, don ita ajiye ta ake yi a nuna wa wani.

Kuskure na biyu na rashin sani ne, kuma har yau in an tuna shi a shago sai an yi dariya. Satin da kika sa mini abin, ma'aikata suka ɗauki halin makara. Na ɗauko waya cikin isa na ce, “Rubuta wa ma'aikata su riƙa zuwa aiki da wuri.” Iyakar abin da na ce ke nan. Sai ga Turanci ya zubo, sakin layi biyar, da maganar dokokin ma'aikata da matakin ladabtarwa da wasu kalmomin da ni kaina ban taɓa ji ba. Ya burge ni. Na tura shi guruf ɗinmu na waya yadda yake.

Washegari kowa ya zo da wuri, amma shagon tsit kamar gidan makoki. Mai fenti ya ƙi haɗa ido da ni. Ashe sun kwana suna tambayar juna wa za a kora. Bulus ne ya zo ya tsaya a kaina, da almakashin yanka soso a hannu, ya ce, “Iliya, abeg, gwamna ne ya rubuto mana ko kai ne? Mu goma sha ɗaya ne fa a nan, kuma duk ka san sunan matanmu.”

Shi ya ganar da ni, da misalin aikinmu. Ya ce in mutum ya shigo shago ya ce a yi masa tebur, ya juya ya tafi, wane tebur za mu yi? Na cin abinci, na ofis, ko na mai tsire? Ai sai mun tambaye shi tsawo da faɗi, da inda za a ajiye, da wanda zai zauna a gabansa. Na koma na ce wa Magatakarda, “Mu kafintoci ne goma sha ɗaya, mun daɗe tare, wasu sun girme ni. Ka rubuta da Hausa mai sauƙi, layi uku. Ka fara da gaisuwa. Abu ɗaya nake so, a zo ƙarfe takwas saboda wuta da safe ake kawo ta, kuma injin ba ya jiran kowa. Kada ka yi barazana.” Abin da ya fito, kamar ni na faɗa a ranar da na tashi da fara'a.

Don haka, Uwata, ki riƙa ba shi awo kamar yadda ake ba kafinta. Ki gaya masa wa zai karanta, babba ne ko tsararki, me ke tsakaninku, abu ɗaya da kike so ya yi in ya gama karantawa, da tsawon da kike so. In kin rasa ta inda za ki fara, ki ce ya yi miki tambayoyi kafin ya rubuta, yana yi kuwa. Can Fatakwal za ki zauna da mutanen da ba ki san al'adarsu ba, wata maganar da mu nan ba komai ba ce, su a wurinsu raini ce. Ba laifi ki nuna masa abin da kika rubuta ki tambaye shi ko akwai inda zai yi wa mai karatu nauyi. Amma ki nemi wata babbar mace a ofis ɗin ki riƙa tambayarta ita ma, don ta san mutanen da fuskokinsu.

Na uku gajere ne, amma ya sa ni zufa. Alhaji ya yi tafiya Kano, ya ce in riƙa sanar da shi yadda aiki ke tafiya. Rannan hannuna duk gam, na ce wa Magatakarda ya rubuta wa mai shago rahoton kujerun wani ɗakin taro, na tura ban karanta ba. Ba a jima ba sai ga kiran Alhaji. Ya ce, “Iliya, lafiya? Mun yi faɗa ne ban sani ba?” Ashe saƙon ya faɗa kan magana kai tsaye, babu sallama, babu ina wuni, babu ya hanya, ga dattijon da ya ɗauke ni aiki tun ba ni da gemu. Wannan da sauƙi. A ƙarshen saƙon abin ya ƙara da kansa cewa za mu gama ranar Alhamis, ranar da ni ban ambata ba, Alhaji kuma ya riga ya gaya wa masu ɗakin taron haka. Kwana uku muka yi ba wanda ya zauna cin abinci a nutse, don kada dattijo ya zama maƙaryaci a dalilina.

Ki karanta duk abin da ya rubuta kafin ki aika, tun daga sallama har ƙasa. In ya rasa wani bayani yakan cike gurbin da abin da ya ga ya dace, kuma ba ya jin kunya. Sunanki ne a ƙasan saƙon, ke za a kira. Sannan sirrin ofis da sirrin mutane, kamar rashin lafiyar wani ko takardar da aka ce kada ta fita, kada ki zuba masa. Ki tambayi dokar wurin tun ranar farko.

Yanzu na zo kan wanda ya sa na ɗauki biro. Wannan ban taɓa gaya miki ba, lokacin kina can wurin bautar ƙasa, kuma na roƙi mamanki ta rufa mini asiri.

Kin san Bulus a matsayin Baba Bulus mai aikin kushin, mai kawo miki rake. Ni kuwa shekara ashirin da shida muna kwano ɗaya da rana. Ran da mamanki ta yi tuwo, shi ke fara wanke hannu. Ran da matarsa, Mama Saratu, ta yi faten acca, ni ke sharce kwanon. Da aka haife ki mamanki ta kwanta ciwo wata biyu, ba ta iya ko ɗaga ki. A lokacin su Bulus suna haya kusa da mu, kafin su yi gini a Kamazou. Saratu ce ta riƙa zuwa kullum da safe ta yi miki wanka, ta goya ki, ta yi shara da girki da ke a bayanta. An sha ba ki wannan labari, na sani, amma ji daban, gani daban. Ni na gani.

Da daminar bara Saratu ta rasu. Da safe labarin ya iske mu a shago. Ma'aikata suka ajiye kayan aiki suka tafi Kamazou, ni na ce su yi gaba, zan rufe shago in biyo su. Mamanki ma tana ji ta yafa mayafi ta hau Keke ta tafi. Ban bi su ba. Na ce wa kaina aiki ya yi yawa, ba a barin shago ba kowa. Ƙarya nake yi wa kaina, Uwata. Tsoro nake ji. Ban san me zan ce wa Bulus ba, kuma ban taɓa iya kallon babban mutum yana kuka ba. Ina zaune a kan wani kushin da bai gama ba, sai na ciro waya na ce, “Rubuta mini ta'aziyya zuwa ga abokin aiki da matarsa ta rasu.”

Ya rubuta kuwa, da Turanci mai taushi, har da maganar cewa muna tare da shi a wannan lokaci mai wuya. Na karanta na ce ko ni da bakina ba zan iya faɗar wadda ta kai wannan ba. Na tura. Sai na ji kamar an sauke mini kaya, na ce gobe sai in je a nutse. Gobe ta yi, aka ce sun tafi da gawa ƙauyensu a kudancin jiha. Na ce in sun dawo. Da suka dawo, kunyar rashin zuwan farko ta hana ni, na ce bari in ɗan bari a kwana biyu. Mamanki ta yi magana har ta gaji. Haka kwanaki suka yi ta tafiya, kullum zuwan yana ƙara nauyi.

Bayan sati uku Bulus ya dawo aiki. Na taso da sauri ina miƙa masa hannu, ya karɓa, ya ce, “Ina kwana, Oga.” Shekara ashirin da shida Iliya yake ce mini, ko a gaban Alhaji. Ya yi aikinsa tsaf, ba fushi, ba gaba. Da rana na buɗe kwano na kira shi, ya ce ya ƙoshi, daga baya na hango shi a bakin titi yana cin burodi shi kaɗai. Haka muka yi wata guda. Rannan Alhaji ya kira ni ya ce Bulus ya nemi a sallame shi ƙarshen wata, wai ya samu wuri a Rido inda ake yi wa manyan motocin dakon mai kujeru. Alhaji ya dube ni ya ce, “Me ka yi masa?” Na ce ban yi masa komai ba. Gaskiya na faɗa, kuma laifin ke nan.

Kin san abin da babanki mai wayo ya yi? Ranar Lahadi da hantsi na zauna a tsakar gida na sake ciro wayar, wai zan sa a rubuta mini ban haƙuri. Wannan karon na ce zan ba shi awo cikakke, yadda na koya. Na fara yi masa bayani da baki: sunansa Bulus, shekararmu kaza tare, matarsa ce ta goyi 'yata lokacin da uwarta ke kwance, ranar da ta rasu tsoro ya hana ni zuwa, na aika masa saƙon da ba ni na rubuta ba, yanzu zai tafi kuma ban san yadda zan shiga shagon nan babu shi ba. 

Mamanki tana bakin murhu tana jina. Ta ajiye ludayi ta ce, “Malam, duk wannan da kake gaya wa waya, shi Bulus ɗin rasuwa ya yi da ba za ka gaya masa ba?”

Na duba wayar don in kauce wa idonta. Shi ma Magatakarda, bayan 'yan layukan da ya rubuta, ya ƙara da cewa irin wannan magana ta fi kyau a faɗe ta ido da ido in da hali. Su biyu suka haɗu a kaina. Na sa hula na tayar da babur.

Na iske shi ya dawo daga coci, yana zaune a barandarsa da rigarsa ta Lahadi. Na yi sallama, ya amsa, ya jawo mini kujera. Duk maganar da na shirya a hanya ta gudu. Muka zauna, kaji suna ta kiwo a gabanmu. Can ya ciro wayarsa ya nemo saƙon nawa, ya riƙe shi yana kallo.

Ya ce, “Na karanta shi ranar, a cikin mutane. Turanci mai kyau. Na ce wannan ba Iliya ba ne. Iliya da na sani, in ya zo ba zai iya cewa komai ba, sai dai ya zauna yana murza hula.” Ya ajiye wayar. “Mai shayin bakin shagonmu ya zo, ka sani? Bai ce uffan ba, ya zauna a can, ya tashi ya tafi. Madam ɗinka ta zo ta kwana biyu tana dafa wa baƙi abinci. Ni kuwa duk wanda ya turo ƙofar nan sai na ɗaga kai in ga ko kai ne. Har a ƙauye, da muka sa ta a ƙasa, ina duba hanya.”

Na buɗe baki in ce ya yafe mini, sai kuka ya zo mini, irin wanda rabona da shi tun rasuwar mai sunanki. Ni da na ƙi zuwa don kada in ga babban mutum yana kuka, ni na zauna a barandar mutane ina yi, shi yana ba ni haƙuri. Ya shiga ciki ya kawo mini ruwa a kofin Saratu. Na ce masa tsoro ne ya hana ni. Ya ce, “Na sani. Da ka zo da tsoron naka, ai da mun zauna da shi tare.” Ban bar gidan ba sai da la'asar ta yi, ya shimfiɗa mini tabarma a gefen baranda na yi salla.

Ranar Litinin ina duba wani katako, sai na ji daga bayana an ce, “Iliya, miƙo mini guduman nan, ka tsaya kamar an dasa ka.” Ban taɓa jin daɗin tsawa irin na ranar ba. Maganar Rido ba a sake tayar da ita ba. Yanzu kwano ɗaya muke ci kamar da, sai dai kullum daga gidanmu yake fitowa, kuma mamanki ta koyi faten acca saboda shi, kodayake ya ce har yanzu da saura.

To kin ji. Abin nan yana gyara magana, yana rage kaifin harshe, yana sa a fahimce ki a wurin aiki, kuma ina so ki yi amfani da shi fiye da yadda na iya. Sanarwa, rahoto, neman izini, amsa wa mai fushi, duk ki ba shi awo ya yanka miki. Amma ta'aziyya, da dubiya, da ban haƙurin da ya kai ban haƙuri, da sallama da wanda ya raine ki, waɗannan ba a aike. Can ofis ma haka ne. In mahaifin abokiyar aikinki ya rasu, ki nemi gidan ki je, ko da ba ki jin yarensu. In kin yi wa wani laifi kuma teburinsa yana nan kusa, ki tashi ki taka. Hausawa da suka ce zumunta a ƙafa take ba su san za a yi waya ba, amma da ni suke.

Jiya da Bulus ya nuna mini saƙonki, na zaci ransa ya ɓaci. Sai na ga yana dariya har da riƙe ciki. Ya ce, “Iliya, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Turancin ma iri ɗaya ne da naka.” Da ya gama dariyar sai ya ci gaba da jan yadi a kan kujera, bai dube ni ba ya ce akwai ajiyarki a wurinsa. Da yake kwashe kayan Saratu ya tarar da majanyin da ta riƙa goya ki da shi, a wanke a ninke a ƙasan akwatinta. Ashe ta taɓa ce masa ta ajiye ne sai ranar da za ki bar gida, ta ba ki da hannunta. Na ce ya kawo in kai miki. Ya ce a'a. Ya ce, “In ta zo zan ba ta. In kuma ta waya ce, sai ta ce wa wayar ta zo ta karɓa.”

Ina farin ciki da ke, Uwata, fiye da yadda bakina ya iya faɗa. Kin yi karatu, kin samu aiki da guminki, ba ki taɓa sa na sunkuyar da kai a unguwa ba. Ni da mamanki mun yafe miki duniya da lahira. Allah Ya kiyaye hanya, Ya kai motarku lafiya, Ya haɗa ki da shugabanni masu adalci da abokan zama na gari. Allah Ya tsare miki addininki da mutuncinki da harshenki, Ya dawo mana da ke lafiya. Ki riƙe salla a kan lokaci, ki riƙa kiran mamanki ko ba ki da labari.

Tela ya ce ɗinkinki sai Juma'a da safe, na biya na tambaya. Kitso kuma mamanki ta ce gobe za a yi. Saboda haka ranar Juma'a in na sauko daga masallaci zan tsaya a ƙofar gida da babur, na riga na sa mai. Ba zan yi kira ba, ba zan ɗaga murya ba. In kin fito, mu tafi Kamazou.

Kada ki shirya abin da za ki ce masa. Ki dai je ki zauna.

Wassalam. Naki har kullum,
Babanki, Iliyasu